Shekarar da Na Kai Tabita Sabon Gari

Yohanna, Tabita, Iliya da Murna, ku nake rubuta wa wannan, da 'ya'yanku in sun yi wayo. Ranar da muka dawo daga jana'izar Yaya Rifkatu, ina kwance a ɗaki ina hutar da ƙafafuna, na ji 'yar Iliya a tsakar gida tana tambayar uwarta me ya sa Anti Tabita ta tashi a Sabon Gari alhali sauran sun tashi a Samaru. Uwar ta ce mata ai lokacin abinci ne bai isa gidan ba, shi ya sa aka rage baki ɗaya. Ban ga laifinta ba, abin da ta tarar ana faɗa ke nan. Amma ba haka aka yi ba. A shekarar nan masara na jingine a ɗakin ajiyarmu har kaka ta zagayo. Babanku Bulus yana aikinsa na kula da shanu a gonar gwaji ta jami'a, ni kuma ina sayar wa ɗalibai shinkafa da wake a bakin titi. Ba mu yi arziki ba, amma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidan nan. Kuma ba wanda ya roƙe ni Tabita. Ni na kama hannunta na kai ta, ina so ku ji dalili daga wurina tun ina da sauran numfashi.

Ba za ku gane ba sai kun san wace ce Yaya Rifkatu a wurina. Ina shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ita tana budurwa. Ita ta yi mini wanka da kitso, ita ta bar makaranta don ni in shiga. Da ta auri Baba Dauda, ma'aikacin jirgin ƙasa, da ni ta tare a Sabon Gari kamar ina cikin kayan ɗakinta, a gidanta kuma babanku ya zo neman aurena. Tana da shagon atamfa a kasuwa, ga ta da sakin hannu. Kowace Kirsimeti sai ta sauka a bas a Samaru da ƙulli a ka: yadi nawa, takalma naku, hula ta babanku, har maƙwabta sai ta san abin da ta miƙa musu. Na saba da karɓa har na daina jin nauyinsa. Abu ɗaya Ubangiji ya jinkirta mata, haihuwa. Shekara goma sha ɗaya tana jira kafin ta sami Ishaya, shi kuma ya zo da ciwon sikila. Duk rayuwarta ta naɗe ta a jikin yaron nan. A daminar shekarar da nake ba ku labari, yana shekara tara, ciwon ya tashi masa ran Laraba, ran Asabar muka binne shi.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Yaya ta rufe shago ta shiga ɗaki. Ba ta kuka, ba ta magana, ba ta zuwa sujada. Matan zumunta suka yi ta zirga-zirga da kwanuka, fasto ya je ya yi addu'a, ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Wata Asabar da hantsi ina jajjaga kayan miya, sai ga Baba Dauda a kan kekensa, tun daga Sabon Gari, wandonsa duk taɓo. Ko zama bai yi ba.

"Maman Yohanna," ya ce, "yayarki za ta bi yaron nan. Kwana huɗu ke nan ruwa kawai take kurɓa. Ni na gaji da roƙo, ko ke za ta ji maganarki."

Na goya Murna, tana jaririya a lokacin, na bar maza biyun da babanku. Tabita tana shekara huɗu, ta riƙe bakin zanina ta ƙi saki, dole na tafi da ita. Na tarar da Yaya zaune a ƙasa ta jingina da gado, wuyanta ya zama kamar na tsohuwa. Na shiga kicin na yi mata fate da yakuwa, irin wanda ta koya mini, na kawo, na lallaɓa, na yi faɗa, na yi kuka. Ta kawar da kai. Na ajiye kwanon na fita shanya tsummokaran Murna. Da na dawo, daga bakin ƙofa na tsaya. Tabita ta haye cinyar Yaya, ta cika cokali yana zuba a zani, tana tura mata a baki.

"Mama Sabon Gari, ki ci. In kin ci ɗaya ni ma in ci ɗaya."

Yaya ta buɗe baki. Cokali bakwai na ƙirga kafin idona ya rufe da hawaye na daina gani. Mako guda muka yi a gidan, tana ci daga hannun yarinyar nan, har ta yi wanka ta fito tsakar gida. Muka koma Samaru, bayan kwana uku Baba Dauda ya sake zuwa: ta koma yadda take. Haka muka yi ta yi har ƙarshen damina, in mun je ta farfaɗo, in mun dawo ta kwanta. Ɗalibaina suka koma wurin wata mai abinci, ku maza kuka rame da girkin babanku. A cikin bas, wajen Kwangila, tunanin bar mata Tabita ya fara zo mini. Na kore shi, ya dawo. Na yi mako biyu ina addu'a Allah ya kawo wata hanya, bai kawo ba.

Wata Lahadi bayan mun taso sujada na faɗa wa babanku. Ya ajiye lomar da ke hannunsa.

"Yarinya ce fa, ba tunkiya ba. Kin haife ta ne don ki yi magani da ita?"

"Baban Yohanna, matar nan ta ba ni komai. Ban taɓa ba ta abin da ya taɓa mini jiki ba."

"To ki ba ta abin da yake naki ke kaɗai. Wannan da ni da ke ne."

Gaskiyarsa ce. Kun san babanku, ba ya son a matsa masa. Ban sake tayar da maganar ba. Shi da kansa ya je Sabon Gari bayan an tashi aiki, ya ga Yaya da idonsa. Sai ran bikin godiyar kaka, muna dawowa daga coci, ya rage tafiya har yara suka yi gaba.

"Na yarda," ya ce. "Amma ki ji sharaɗina. In kin bayar, kin bayar. Kada wata rana kewa ta kama ki ki je ki ce a ba ki 'yarki. Rasa na farko bai kashe ta ba, na biyu zai kashe ta. In kin san ba za ki iya ba, kada ma ki fara."

Na ce zan iya. Da gaske nake, amma ban san abin da nake faɗa ba.

Ran Asabar muka kai ta. Babanku ya ɗauki jakar kayanta, ni na riƙe hannunta, tana ta tsalle don ta ɗauka yawon da muka saba ne. Da na gaya wa Yaya abin da ya kawo mu, sai ta ja da baya kamar na miƙa mata garwashi.

"Asabe, kin san abin da kike yi? Ni da ban iya riƙe nawa ba?"

"Kin riƙe shi shekara tara, Yaya. Kin riƙe ni ma. Ga ta nan, taki ce."

Babanku ya yi addu'a. Baba Dauda ya ɗauki Tabita zuwa sayen alewa don kada ta ga fitarmu. Ni da babanku muka kama hanyar Samaru.

Ba zan ɓoye muku ba, watannin da suka biyo baya sun fi naƙuda zafi. Kullum sai na zuba abinci a kwanon Tabita kafin in tuna. Iliya ya yi ta tambaya yaushe za ta dawo. In na je dubiya, sai ta ƙanƙame ni tana ihu za ta bi ni, sai an yi mata wayo in sulale ta ƙofar baya, ina jin kukanta har bakin titi. Na ɗauka wannan ne mafi wuya. Ashe akwai wanda ya fi shi. Wata rana na miƙe zan tafi, ta ɗago kai daga wasan da take yi ta ɗaga mini hannu, ta ci gaba da wasanta. Yaya kuwa tana ta murmurewa, kumatunta suna dawowa. Ina murna da baki, cikina yana ƙuna. Na fara lura da abubuwan da ba su kai a lura ba: kitson ya yi tsauri, an ba ta shayi da yawa, an bar ta ba takalmi. Na zama mai ba da kyauta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bakin abin.

Da Kirsimeti ta matso na ɗinka muku anko ku huɗu, yadi ɗaya mai ruwan ganye. Ana jibi biki na ɗauki rigar Tabita na nufi Sabon Gari. Gidan a rufe, maƙwabciya ta ce suna kasuwa. Na kutsa cikin cunkoson masu sayayyar biki har layin 'yan atamfa. Shagon Yaya a buɗe, karo na farko tun rasuwar Ishaya. Tana tsaye tana auna wa wata mata yadi tana dariya, Tabita na zaune a kan tarin atamfa tana kaɗa ƙafa. Da ta hango ni ta yi tsalle.

"Mama, Mama, ga Anti Samaru ta zo! Anti, kin ga rigata? Mama ta ɗinka mini mai fulawa!"

Ba wanda ya koya mata, bakin yara ne kawai. Yaya ta yi saurin cewa, "Ke, Mamanki ce," amma maganar ta riga ta shige ni. Na miƙa rigar a leda, na ce ina sauri, ko ruwa ban sha ba. A cikin bas na yanke shawara: ran Kirsimeti za su zo Samaru cin abinci, in sun tashi tafiya, Tabita ba za ta bi su ba. Yaya ta warke, ta buɗe shago, aikin ya ƙare. Sharaɗin babanku kuwa, na ce in ya yi fushi ya huce.

Washegari kakarku Iya Tani, mahaifiyar babanku, ta iso daga ƙauye da zakaru biyu da ƙullin daddawa. Yohanna ne kawai zai iya tuna ta sosai: gajeruwa, ba ta karatu, amma ba ta mantuwa. Da la'asar muna bayan kicin muna figar zakarun, ta lura ina fizgar gashin har da fata.

"'Yar nan, zakaran ne ya yi miki laifi?"

Ban yi niyyar faɗa ba, amma na faɗa mata duka, har da abin da na ƙudura. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ci gaba da figa, can ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce tun tana yarinya, kafin bishara ta iso ƙauyensu, kowace shekara mahaifinta yakan yanka baƙin akuya a gindin wata tsamiya don a zauna lafiya. In an yi, sai hankali ya kwanta na ɗan lokaci, shekara na zagayowa a sake neman wani akuyan. Ta ce ba ta raina mahaifinta ba, abin da ya sani ke nan, kuma don ƙaunar su yake yi. Amma ta tashi da sanin cewa duk abin da ka samu daga sama, za a dawo a karɓi wani abu a madadinsa.

"Ranar da mai bishara ya ce Allah ya ba da Ɗansa kyauta," in ji ta, "sai na tambaye shi, to mu me za mu kai? Ya ce ba komai. Na ce baɗi fa? Ya ce baɗi ma ba komai, an bayar an gama. Na sake tambaya har mutane suka yi mini dariya. Ni ban taɓa jin kyautar da mai ita ba ya dawowa duba ta ba."

"Iya, ni ba Allah ba ce. Ni uwa ce."

"Shi ma Uba ne. Kina tsammani bai ji zafi ba? Ya san abin da za a yi wa Yaron, ya kuwa bayar. Ke taki tana can tana cin shinkafa ana yi mata kitso." Ta jefa zakaran a roba ta goge hannu a zani. "Ban ce kada ki yi kuka ba. In kin ga dama ki karɓo ta, 'yarki ce, ba mai hana ki. Amma gobe in kin shiga coci kina rawa an haifa mana Mai Ceto, ki san irin kyautar da kike wa rawa."

Ran Kirsimeti cocinmu na Samaru ya cika har waje. Ana cikin waƙar farko, mata suna buga tulu da kacau-kacau, na ga kawuna suna juyawa baya. Yaya Rifkatu ce ta shigo, Baba Dauda a bayanta, Tabita riƙe da yatsanta cikin riga mai fulawa. Rabonta da shiga ɗakin sujada tun ranar da aka fitar da akwatin Ishaya. Ta zauna kusa da ni. Da aka kai baiti na biyu na ji muryarta, a dishe, tana bin waƙar. Na kasa waƙa, na kasa kallonta.

A gida aka ci shinkafa da zakarun Iya, aka raba cincin da kunun zaƙi ga maƙwabta, Kirista da Musulmi, yadda muka saba. Yaya da kanta ta cire wa Tabita riga mai fulawa ta sa mata ankon 'yan'uwanta, kuka fita yawon biki ku uku. Da rana ta yi sanyi, ta ja hannuna zuwa ɗaki ta tura ƙofa.

"Asabe, na ga idonki a kasuwa. Ni na raine ki, ba abin da za ki ɓoye mini. Na zo da kayanta, suna cikin jakar can. Kin ba ni aron rai, na gode. In kina son 'yarki, ga ta, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Na dubi jakar a gefen gado, ita ce wadda babanku ya ɗauka ranar da muka kai ta. Na dubi Yaya. Abin da na kwana biyu ina shiryawa ga shi an miƙo mini, ba faɗa, ba roƙo. Sai na ga matar da ta bar makaranta saboda ni tana shirin sake ba ni abin da ya rage mata. Ban ji wata murya daga sama ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Na dai san in na karɓa, har abada ni ce mai karɓa.

"Yaya, ba aro na ba ki ba," na ce. "Ɗauki jakarki. Abu ɗaya nake roƙo, ki riƙa kawo ta hutu, ta san 'yan'uwanta."

Ta durƙusa a gabana, ita da take babba, na ɗaga ta. Da suka tashi tafiya na raka su bakin titi, na ɗaga hannu har bas ɗin ya ɓace, na dawo bayan kicin na yi kukan da ban taɓa yi ba. Babanku ya zo ya tsaya a kaina, ya dafa kafaɗata. Daga ranar ban sake duba tsaurin kitso ba.

Sauran kun san shi. Yaya ta ƙara shekara talatin da wani abu a duniya. Ta cika alkawari, kowane hutu Tabita tana Samaru, da ta girma kuma ta riƙa kiran mu duka biyu Mama. Bayan ita Yaya ta riƙi marayu uku, biyu daga cikinsu ku, Tabita da Murna, kuka yi musu ƙawayen amarya. Tabita ta zama nas, da shanyewar jiki ta kama Yaya ita ta yi jinyarta shekara huɗu, ba ta taɓa barin ta da ƙazanta ba. In na zauna ina lissafin alherin Ubangiji, ina ganin yadda ya ɗauki ƙaramin abin da na bayar ina guna-guni ya ciyar da gidaje da shi. Yadukan da Yaya ta yi ta kawo mana duk sun tsufa sun zama tsumma, kyautata ma da na fi taƙama da ita sai da na so in ƙwace. Kyautar Ubangiji ce kawai ba ta tsufa, ba ya kuma janyewa. Ita ta tayar da Yaya daga ƙasa, ita ta riƙe ni ranar da na tashi karya maganata, ita nake dogara da ita yanzu da tafiya ta matso.

Amma akwai abin da dole in faɗa a gabanku duka. Tabita, ban tambaye ki ba. Ni aka yaba a zumuntar mata, ke kika yi kukan bakin ƙofa. Wani ɓangare na kyautar nan daga jikinki aka yanke shi, kina shekara huɗu, ba ki san komai ba. Shekaru ina so in ce ki gafarta mini, bakina yana nauyi.

Watan jiya Tabita ta kai ni asibitin ido. Muna dawowa a keke mai ƙafa uku, mu biyu a baya, na ga in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba. Na fara kame-kame, na ce akwai maganar shekarar da aka kai ki Sabon Gari. Ta kama hannuna.

"Mama, na sani. Tun ina sakandare Mama Rifkatu ta gaya mini komai, har da jakar da ta zo da ita. Kullum in muna addu'ar safe, sunanki take fara kira kafin nawa. Takan ce, Ubangiji ka tuna da Asabe, ta ba ni abin da ba ta da kamarsa."

"Kin sani duk shekarun nan? Me ya sa ba ki taɓa ce mini komai ba?"

"Na yi fushi da ke, ba zan yi ƙarya ba, na daɗe ina yi. Ya wuce tuntuni. Jira nake ki faɗa da bakinki."

"To ki gafarta mini."

"Na gafarta, Mama. Na kuma gode."

Mai keken ya riga ya wuce kwanar gidanmu da nisa, ba wadda ta lura a cikinmu. Da ya waiwayo yana tambaya ina za mu sauka, ya ga tsohuwa da nas suna kuka suna dariya, sai ya gangara gefen titi ya kashe injin, ya jira mu har muka gama.